Filin Tambayoyin Masu Karatu: Masauki Biyu, Adireshi Ɗaya

Tun da aka shiga shirye-shiryen aikin Hajji, yawancin wasiƙun da ke iso mini nan Jidda daga masu kula da kwamfutocin masaukai da ofisoshin jigila suke fitowa. Na ware uku a wannan karon, domin duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato yadda kwamfuta guda take raba sadarwarta gida-gida.

Tambaya ta farko, daga Makka

Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ina aiki da wani kamfani mai kula da masaukan alhazai. Bana mun kama gini biyu, ɗaya a Misfala, ɗaya a Aziziyya. Kowanne yana da na'urar naɗar hotunan kyamarori da na'urar katin ƙofa, kuma masu ginin ne suka sa su tun kafin mu zo. To sai ga shi na'urorin kyamarar biyu adireshinsu ɗaya ne, 192.168.1.10. Ni kuma kwamfuta ɗaya gare ni a ofis, mai Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux, RAM ɗinta giga 8. Na haɗa layin VPN, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet, zuwa kowane gini da manhajar WireGuard. In na kunna ɗaya, lafiya lau. In na zo kunna na biyun sai ya ƙi tashi, in kuma na matsa masa ya tashi, hotunan gini ɗaya kawai nake gani. Wani abokin aikina ya ce sai an sayi kwamfuta ta biyu, wani kuma ya ce Linux da kansa yana iya raba netwok ɗinsa biyu. Wanne zan kama? Allah ya ƙara basira.

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar abokin aikinka na biyu za ka kama, kuma ko waya ɗaya ba sai ka saya ba. Amma kafin nan ka fara gwada hanyar da ta fi sauƙi, ka nemi mai ginin Aziziyya ya yarda a mayar da lambobin gininsa 192.168.2, shi ke nan magana ta ƙare. Na dai san halin Makka in lokaci ya matso. Mai gini yana Riyad, wanda ya sa kyamarorin ya tafi da kalmar sirri, kuma babu mai yarda a taɓa na'urar katin ƙofa alhali alhazai na hanya. In haka abin yake, to ga bayani.

Kwamfutarka ba ta lalace ba. Duk ƙunshin bayanan da zai fita daga cikinta, sai kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke riƙe da na'urar, ya duba jadawalin hanyoyi ya ga ta inda zai tura shi. Ka gaya masa 192.168.1.10 yana bayan layin Misfala, ka dawo ka ce yana bayan layin Aziziyya. Dole ko ya ƙi karɓar ta biyun, ko ya fifita guda ya yi watsi da ɗayar. Lambobin nan masu farawa da 192.168 an ware su ne tun shekarun 1990 domin amfanin cikin gida, kowa na da damar ɗauka, kuma yawancin rautocin kasuwa, wato na'urorin da ke rarraba intanet, da 192.168.0 ko 192.168.1 suke fitowa daga kwali. Shi ya sa irin wannan karo ya zama ruwan dare.

Jadawalin hanyoyi kuwa ɗaya ne kawai cikin kayan sadarwar da kanel ke riƙe da su. Akwai jerin katunan netwok da adireshin kowanne. Akwai jadawalin maƙwabta, mai haɗa adireshin IP da lambar katin na'ura. Akwai dokokin katangar tsaro, da lambobin ƙofofi har zuwa 65535 waɗanda manhajoji ke tsarewa suna jiran masu shigowa, irin su 80 da 443 na shafukan intanet, sannan ga saituna birjik, kamar ko na'urar za ta miƙa ƙunshin wani zuwa gaba ko ba za ta miƙa ba. Mutanen da suka fara rubuta wannan sashe, irin na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli waɗanda aikinsu ya fito a babbar manhajar 4.2BSD a 1983, sun ɗauka kowace kwamfuta netwok ɗaya gare ta. Don haka kowane jadawali guda ɗaya tak suka yi, kuma kowane lungu na kanel kai tsaye yake miƙa hannu ya ɗauko shi.

Dabarar da abokinka yake nufi ita ce a tattara duk waɗannan jadawalai wuri guda a yi musu mazubi, yadda za a iya yin mazubi na biyu da na uku da na ɗari, sannan a liƙa wa kowace manhaja da kowane katin netwok alamar mazubin da yake ciki. Umarnin da ke sarrafa ƙunshin bayanai bai ƙaru ba, guda ɗaya ne, bayanan da yake aiki a kansu ne suka rabu. Kai da kake aikin masauki za ka gane shi da sauri: gini ɗaya ne, alhazan Kano a hawa na uku, na Sakkwato a hawa na huɗu, kowane hawa da ɗakinsa mai lamba 12 da rajistarsa da makullansa, ba a taɓa kai abincin wani ɗakin wani. Amma harsashin ginin ɗaya ne, tankin ruwa ɗaya, babbar wayar wuta ɗaya.

A baki abin da sauƙi, amma an kai ruwa rana kafin ya tabbata. Marko Zec na Jami'ar Zagreb a Kuroshiya ya gabatar da irin wannan aiki a kan FreeBSD, wata babbar manhaja irin Linux, a taron masana kwamfuta na USENIX na 2003. Sai a 2009 ya shiga FreeBSD 8.0 da sunan VIMAGE, a lokacin ma sai mutum ya harhaɗa kanel ɗinsa da kansa kafin ya samu, kuma ba a kunna shi ga kowa da kowa ba sai a FreeBSD 12.0, cikin Disambar 2018. Shekara goma sha biyar ke nan. Wani ɓangare na jinkirin yawan wuraren gyara ne, domin duk inda aka ambaci ɗaya daga cikin jadawalan nan sai an bi an canza, har yau in ka buɗe rubutun kanel ɗin FreeBSD za ka ga sunaye da yawa masu farawa da V_, shaidar aikin ke nan. Amma abin da ya fi ba da wahala, kuma ni ya fi burge ni, shi ne rushewa. Sashen sadarwa na asali ba a taɓa tsara shi don a kashe shi ba. Yana tashi da kwamfuta, yana mutuwa da ita. Yanzu da aka ce ana iya gina shi a rushe a kowane lokaci, sai an tabbatar kowane agogon jira ya tsaya, kowace ma'adanar da aka ara an mayar, babu ƙunshin da ke kan hanya zuwa jadawalin da aka riga aka share. Kuskure ɗaya a nan yana kayar da na'urar gaba ɗaya. A ɓangaren Linux, aikin ya fara shiga a kanel 2.6.24 a farkon 2008, da hannun Eric Biederman da injiniyoyin OpenVZ, wani aikin raba Linux gida-gida, irin su Pavel Emelyanov, kuma zuwa 2.6.29 a 2009 ya kai a yi aiki da shi. Ubuntun da ke gabanka yana ɗauke da shi tuntuni.

Ga yadda za ka yi. Da ikon mai gudanarwa, ka ƙirƙiri keɓaɓɓen sashe, wato mazubin nan da na ambata, ga kowane gini:

`ip netns add misfala`
`ip netns add aziziyya`

In ka leƙa cikin ɗayansu da `ip netns exec misfala ip link`, babu abin da za ka gani sai katin `lo`, wanda na'ura ke magana da kanta ta cikinsa, shi ma a kashe. Babu hanya, babu dokar katanga, babu intanet. Ka kunna `lo` ɗin tun yanzu, domin manhajoji da yawa suna rikicewa in babu shi.

Ka yi sa'a da WireGuard kake aiki, domin yana da wata siffa da ta dace da matsalarka sosai. Katin WireGuard yana tuna sashen da aka ƙirƙire shi a ciki, kuma ta can yake ci gaba da fitar da rufaffun bayanansa ko da an ɗauke shi an kai wani sashe. Don haka sai ka ƙirƙire shi a babban sashe, inda intanet ɗin ofis yake, sannan ka tura shi ciki:

`ip link add wg1 type wireguard`
`ip link set wg1 netns misfala`

Bayan ka tura shi ne za ka ba shi adireshi da makullai da hanyar zuwa 192.168.1, domin duk katin da ya sauya sashe adireshinsa gogewa yake yi. Ka maimaita da `wg2` ga Aziziyya. Daga nan duk manhajar da ka tayar ta hanyar `ip netns exec misfala`, ginin Misfala kaɗai ta sani, ta Aziziyya ma haka, kuma taga biyu za su zauna gefe da gefe a allonka, kowacce tana kallon nata 192.168.1.10. Ka dai kula ka mayar da manhajar kallon hotunan ƙarƙashin sunanka na yau da kullum, kada ka bar ta tana gudana da ikon mai gudanarwa. Wata riba kuma, in layin VPN ya yanke, manhajar ba ta da wata hanyar fita, ba za ta ɓalle ta bi buɗaɗɗen intanet da kalmar sirrin kyamarorin ba.

Abu biyu ke yawan tuntuɓe da mutane a nan. Na farko fassarar sunayen shafuka: in kana buƙatarta a cikin sashe, ka ajiye fayil ɗin `resolv.conf` na musamman a `/etc/netns/misfala/`. Na biyu, duk wannan gini yana gushewa in an kashe kwamfutar, sai ka rubuta umarnin a fayil guda ka sa systemd, mai tayar da ayyuka in an kunna kwamfuta, ya riƙa gudanar da shi a kowane tashi. Abokinka na farko da ya ce a sayi wata kwamfutar, ko wanda zai ce ka girka kwamfutocin kwaikwayo biyu, wato na manhaja zalla, a cikin wannan, ba ƙarya suka yi ba, zai yi aiki. Sai dai kowace kwamfutar kwaikwayo da nata kanel ɗin take zuwa, ta ci rabonta cikin giga 8 ɗin nan, alhali abin da kake nema jadawalin hanyoyi na biyu ne kawai.

Tambaya ta biyu, daga Madina

Malam, barka da aiki. Ofishinmu na shirya wa mutane Umara ne. Wani yaro ya girka mana komai a saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ɗauke da ayyukanmu, da Docker: shafinmu na intanet a kwantena ɗaya, rumbun bayanan matafiya a wata, mai ɗauke da hotunan fasfo da lambobin biza. Ya ce tunda kowace kwantena da netwok ɗinta, ko an fasa shafin ba za a kai ga rumbun ba. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne?

Amsa

Alhaji, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Yaron ya faɗi rabin gaskiya. Docker, mai killace kowace manhaja a nata akwatin da ake kira kwantena, tun fitowarsa a 2013, wannan keɓewar da na bayyana a sama yake amfani da ita, kowace kwantena da sashenta. Amma bayan ya raba su sai ya sake haɗa su. Yana yin wata gada mai suna `docker0`, galibi da lambobi masu farawa da 172.17, ya jona kowace kwantena da ita da wayar kwaikwayo mai baki biyu. In ba a canza komai ba, kwantenonin da ke kan gadar nan suna iya kiran juna. Ka kuma lura, shafin naku dole yana magana da rumbun, in ba haka ba ta ina yake karɓar rajista? Wanda ya fasa shafin ya gaji wannan hanyar, ya kuma gaji kalmar sirrin da shafin ke shiga rumbun da ita.

Ka sa yaron ya nuna maka abu uku a gabanka. Ko akwai kwantenar da aka tayar da `--network host`, domin wannan yana soke keɓewar sadarwa ɗungurungum. Ko an buɗe ƙofar rumbun zuwa waje da `-p`, domin in ba a ambaci adireshi ba Docker ga kowa yake buɗe ta. Na uku shi ne ya fi cin mutane: Docker da kansa yake rubuta dokokinsa a katangar tsaron kanel, kuma ƙofar da ya buɗe tana kewaye dokokin `ufw`, manhajar saita katangar, waɗanda yawancin masu Ubuntu suka dogara da su. Mutum ya duba ya ga katangarsa ta ce an rufe, alhali rumbunsa yana buɗe ga duniya. In dole sai an buɗe ƙofar, a ɗaure ta da 127.0.0.1, adireshin da na'ura ke magana da kanta. Abin da ya fi shi ne kada a buɗe ta sam, a yi wa shafin da rumbun gadarsu ta daban.

Ko an gyara duk wannan, maganar harsashin ginin nan tana nan. Kanel ɗaya ne ke ƙarƙashin duka kwantenonin, ɓaraka a cikinsa kuwa ta kowa ce. A farkon 2024 an gano wata a sashen `nf_tables` na katangar tsaron Linux, aka yi mata lamba CVE-2024-1086, wadda ke ba mai ƙaramin iko a kan na'ura damar zama mai cikakken iko, har hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sa ta cikin jerin waɗanda aka tabbatar ɓarayi na amfani da su. Abin lura shi ne, keɓewar ce da kanta ta buɗe hanyar kaiwa ga irin wannan ɓaraka. Tun kanel 3.8 na 2013 mutum marar iko yana iya ƙirƙirar sashensa ya zama mai gudanarwa a ciki, ta haka ya taɓa ɓangarorin kanel da a da sai babban mai gudanarwa ke isa gare su. Saboda haka ne Ubuntu 24.04 ya taƙaita wannan dama. Manyan kamfanonin da ke ɗora ayyukan baƙi iri-iri a na'ura ɗaya ma ba su tsaya ga kwantena zalla ba, a 2018 Amazon ta fitar da Firecracker, Google kuma ta fitar da gVisor, duk don a sa wani shinge tsakanin manhaja da kanel.

Shawarata ke nan: rumbun fasfo ya koma kwamfutar kwaikwayo tasa mai nata kanel, ko ma wata na'urar dabam, a bar masa ƙofa ɗaya tak da shafin zai riƙa bi, da asusu mai ƙaramin iko wanda ba ya iya kwashe rumbun gaba ɗaya. A kuma riƙa sabunta kanel ana sake tayar da na'urar, domin gyaran da aka sauke ba a tayar ba bai fara aiki ba. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, aka ba da shekara guda kowa ya daidaita, don haka alhakin yana wuyan ofishinku a hukumance. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar da ta tara kuɗi shekara da shekaru, ta miƙa fasfonta ba ta ma san an ɗauki hotonsa ba. Amana ce ta ba ku, kuma kuɗin na'ura ta biyu bai kai ya sa a yi sakaci da ita ba.

Tambaya ta uku, daga Jidda

Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun kwamfuta, kuma ɓangaren netwok nake so. Ba ni da kuɗin sayen rauta da suwic na gwaji, laftof ɗina kuma tsohuwa ce, manhajojin kwaikwayon na'urori suna yi mata nauyi. Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Laftof ɗin nan ta isa, in dai Linux ke kanta. Marko Zec da abokan aikinsa sun gina IMUNES a kan wannan dabara domin gwajin netwok, haka ma Mininet da ya fito daga Jami'ar Stanford a 2010, wanda ke tayar da ɗaruruwan na'urorin kwaikwayo a laftof guda. Amma ina so ki fara da hannunki kafin ki ɗauki ɗayansu, domin abin da kika ɗaura da kanki ba ya ɓace miki.

Ki yi sashe uku, biyu a matsayin kwamfutoci, na tsakiya a matsayin rauta. Ki haɗa su da wayoyin kwaikwayo, kowace da umarni irin `ip link add a0 type veth peer name a1`, ki tura baki ɗaya nan, ɗaya can. Ki ba ɓangaren hagu lambobin 10.0.1, na dama 10.0.2. Ki gwada `ping`, umarnin aika ƙunshi a jira amsa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba zai je ba, kuma a nan karatun yake. Sai kin kunna `net.ipv4.ip_forward` a cikin sashen tsakiya, domin kowane sashe da nasa saitin, sai kuma kin gaya wa kowace kwamfuta cewa rautar ce mafitarta. Ki buɗe `tcpdump`, mai nuna ƙunshin da ke wucewa, a kan kowane baki ki ga yadda tambayar ARP, ta neman lambar katin maƙwabci, ke fita kafin ƙunshin farko ya motsa.

In wannan ya zauna, ki lalata layin da gangan. Umarnin `tc` yana da wani sashe mai suna `netem` da ke ƙara jinkiri ko zubar da ƙunshi. Ki sa jinkirin milisakan 100 a duka bakin biyu na waya ɗaya, za ki ga `ping` ya koma kusan 200. Ki ƙara zubar da kashi 2 cikin ɗari, ki auna gudu da `iperf3`, ki ga yadda TCP, tsarin da ake tura fayil da shi, ke durƙushewa in jinkiri da zubewa suka haɗu. Daga nan za ki fahimci dalilin da ya sa fayil ke jan ƙafa in ana tura shi gida Najeriya ko Nijar ko da layin nan Jidda mai ƙarfi ne. Bayan haka ki ƙara rautoci su zama huɗu a zobe, ki girka manhajar rauta ta FRRouting a kowace, ki kunna OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, ki kashe waya ɗaya ki ƙirga daƙiƙun da za su ɗauka kafin su samo wata hanyar.

Duk lokacin da `ping` ya ƙi dawowa, ki fara duba jadawalin hanyoyin wanda aka aika wa, ba na mai aikawa kaɗai ba. Sau da yawa ƙunshin ya isa lafiya, amsar ce ba ta san hanyar komawa ba, kuma `tcpdump` a bakin wayar ƙarshe zai nuna miki hakan nan take.